Tarihin Hanyar Mota a Ƙasar Maraɗi da Gobir

 A wannan fitowa za mu ɗauko zancen hanya. Dalili kuwa shi ne, tun ran da aka kawo shawarar gyaran mashigin koramar nan da ke tsakanin garinmu da kwalta, bakin jama'a ya rabu biyu. Waɗansu sun ce a taɓa kuɗin asusu a yi gayya tun ruwa bai sauka ba. Waɗansu kuwa sun ce hanya aikin gwamnati ce, ba a kafa asusu don a sauke wa hukuma nauyinta ba. Kowane ɓangare da hujjarsa. Mu dai mun ga ya kyautu, kafin a zauna taro, mu waiwayi yadda hanyoyin ƙasar nan suka samu, wa ya yi su, kuma don me aka yi su.

Kafin zuwan Nasara babu hanya irin wadda muka sani yau. Akwai turba wadda ƙafar mutum da kofaton jaki suka buga, akwai kuma gwadaben fatake da mayaƙa. Ɗan Kasawa ya zauna Maraɗi wajen 1819, bayan Birnin Katsina ya fita hannun gidansu. Gobirawa kuma, bayan yaƙin Gawakuke na 1836, suka kafa Tibiri a ƙarƙashin Sarki Mayaƙi, tazarar kilomita 12 kacal daga Maraɗi, yadda in abu ya taso mai doki zai kai labari kafin a gama ɗaura sirdi. Amma tsakanin garuruwan nan biyu da Katsina, daji ne baƙi ƙirin, kuma da gangan aka bar shi haka, domin shi ne garkuwa. Baturen nan ɗan Jamus, Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya bi ta Tasawa da Gazawa cikin watan Janairu na 1851, ya keta dajin cikin ayari zuwa Katsina, kowa ransa a hannu. Abokin tafiyarsa Overweg shi ne ya juyo ya ziyarci Maraɗi da Gobir. A wancan zamani wanda ya share hanya mai faɗi zuwa ƙofar garinsu, to, mahara ya share wa. Saboda haka kada yaran yanzu su ce kakanninmu lalaci ya hana su yin hanya.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, neman hanya ne ya sa muka faɗa hannun Faransa. A yarjejeniyar da Faransa da Ingila suka yi cikin 1898, an kafa tsinke a Sakkwato an zana baka mai nisan mil 100, aka ce abin da ke ciki na Ingila ne, sa'an nan iyaka ta miƙe gabas ta bar Maraɗi da Tibiri a ɓangaren Ingilishi. Da Faransawa suka tashi kai kaya da sojoji daga bakin Kwara zuwa Damagaram, sai suka tarar rabonsu tudu ne da rairayi, rijiyoyi nesa da juna, raƙuma da shanun dako suna ta mutuwa. Suka koma suka yi ta ciniki, har aka sāke iyaka a 1904, aka ƙara gyara ta a 1906, aka ba su ƙasa mai ruwa wadda ayari zai iya bi. Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila su ne suka bi suna kafa alamun iyaka daga 1906 zuwa 1908. Watau ke nan, don a sami inda za a shayar da dabbobin ayari aka raba mu da dangimmu na Jibiya da Sabon Birni, ba tare da an tambayi kowa ba.

Da suka zauna, sai aka shiga aikin tilas. Kumandan ya faɗa wa sarki, sarki ya faɗa wa hakimi, hakimi ya faɗa wa mai gari cewa ran kaza a kawo mutum kaza. Gardi yana tsaye da bulala. A sare itace, a tumɓuke kututture, a haƙo marmara a ɗauko a kwando bisa kai, a zuba a daɓe. Inda rairayi ya yi yawa a shimfiɗa kara da ciyawa a rufe da laka. Ba lada, abinci ma sau da yawa daga gida ake kawo wa mutum, ga kuma lanho yana jiransa. Damina ta wuce ta cinye aikin, kaka ta yi a sāke kiran mutane. Waɗanda suka gaji suka kwashe iyali da dare suka ƙetara ƙasar Ingilishi, zuriyarsu tana can har yanzu. A ƙarshen 1924 motoci takwas na kamfanin Citroën, masu sarƙa a madadin ƙafafun baya, suka ratsa daga Yamai zuwa Damagaram, suka yada zango Tasawa wajen Sarki Barmu. An buga labarinsu a Turai ana yabon ƙarfin ƙarfe, amma ba a ƙidaya kawunan da suka ɗauki ƙasar da motocin suka taka ba. A 1926 aka mai da babban birni Yamai, a 1927 kuma kumandan ya taso daga Tasawa ya dawo Maraɗi. Aikin tilas bai ƙare ba sai da dokar nan mai sunan Houphouët-Boigny ta fito cikin watan Afrilu na 1946. Mun daɗe a kan wannan ne don matasa su gane abin da ya sa in an ce "a fito aikin hanya" fuskar tsofaffi takan canja. Abin da iyayensu suka ba su labari ne yake taso musu.

Gyaɗa ita ce ta kawo mota sosai. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Kano ta zama kasuwar gyaɗa, mu kuma da noman ya kama a nan cikin shekarun 1930, tafiya zuwa can ba ta kai kilomita 300 ba. Da fari raƙuman Buzaye da jakai ke dako. Sannu a hankali kamiyo ya karɓe, kantunan Turawa irin su CFAO da SCOA suka kafa sikeli, aka kuma gina injin matsar mai na Siconiger a 1942. Direban da ya tashi daga Maraɗi yana bin hannun dama, da ya ƙetare Ɗan Isa ya doshi Jibiya sai ya koma hagu, haka aka yi ta yi har Nijeriya ta dawo dama cikin Afrilu na 1972. Tsofaffin direbobi sukan yi dariya su ce a hanyar da babu komi sai sawun taya biyu cikin yashi, dama da hagu duk na littafi ne, wanda motarsa ta fi girma shi ke da hanya.

Cikin 1945 gulbi ya yi ambaliya ya ci tsohon garin Maraɗi da ke cikin fadama. Aka hau tudu aka yanka sabon gari mai tituna a miƙe, wanda daga baya ya yi ta faɗaɗa har aka sami unguwanni irin Zariya inda da yawammu muke zaune. Ruwan da ya tashi birni guda, shi ne dai har gobe yake yanke ƙauyukan da ke hayin gulbi duk shekara.

Faransawa ba su ji daɗin yadda gyaɗarmu take bi ta Kano da Legas ba. A 1953 suka ƙirƙiro abin da suka kira Opération Hirondelle, watau aikin tsattsewa: mota ta ɗauki gyaɗa daga nan ta bi ta Ƙonni, Doso da Gaya, ta kai Parakou a ƙasar Dahomey, kusan kilomita 1,000, a zuba a jirgin ƙasa zuwa Kwatano, ta kuma dawo da siminti da gishiri da kayan kanti don kada ta yi tafiyar banza. Gadar Gaya sai 1958 aka gama ta, kafin nan a jirgin fito ake ƙetarar da motoci. Bayan samun mulkin kai, SONARA da aka kafa a 1962 ta gaji cinikin. Da yaƙin basasar Nijeriya ya ɓarke daga 1967 zuwa 1970, hanyar Dahomey ta ƙara daraja. A wannan zamani ne alhazan Maraɗi da yawa suka sayi motocinsu na farko, ƴaƴan talakawa kuma suka sami sana'a, yaro ya shiga karen mota ya yi shekaru yana sa waji yana kwana ƙarƙashin bodi kafin a ba shi sitiyari.

To, a nan ya kamata mu tsaya mu faɗi irin ilmin da mutanen nan suka tara, don yana neman ɓacewa, alhali kuwa hanyar garinmu har yau irin tasu ce.

Abokan gāban direba a ƙasar nan huɗu ne, kowanne da maganinsa, kuma maganin wani dafin wani ne. Na farko rairayi. Wanda bai sani ba, in ya ji mota ta fara nauyi sai ya danna mai, taya ta yi ta juyawa tana haƙa wa kanta kabari har ciki ya zauna ƙasa. Gwani tun daga nesa yake zaɓen giyar da zai shiga da ita, ba ya canjawa a tsakiya, ba ya taka birki, ba ya karya sitiyari da ƙarfi. In yashin mai tsawo ne sai ya tsaya ya rage iskar taya don ta baje ta hau bisa. Ya fi son ya ratsa da asuba, sa'ad da sanyi da raɓa suka kama yashi, don da rana tsaka yakan saki kamar gari. In kuwa ta kafe, fasinja kowa ya sauko, a tone gaban tayoyi, a shimfiɗa faranti na ƙarfe in akwai, in babu a saro kaba ko a zaro karan dawa, a tura da salati. Da ta hau wuri mai tauri sai karen mota ya ɗauko famfo, domin tayar da aka rage wa iska in ta hau marmara ba ta daɗewa.

Na biyu gargada, wadda ke fitowa a kan jan burji kamar an jera kwanon rufi. Ba ruwa ke yin ta ba, tayoyin motoci ne da kansu: taya ta yi tsalle kaɗan ta tura tsakuwa gaba, ta bayanta ta ƙara, kafin wata guda hanya ta zama haƙarƙari. In ka bi ta a hankali ƙwarai ka tsira amma ka kwana hanya. In ka bi da matsakaicin gudu, nan ne azaba, kusoshi su kwance, sifirin ya karye, lagireto ya tsage. Sai direbobi suka gano cewa in mota ta kai wajen kilomita 70 ko 80 a sa'a takan bi ta kan tudun gargadar ba ta faɗawa ramin. Amma fa a wannan gudu taya ba ta riƙe ƙasa sosai, in kwana ta zo ko saniya ta gitta, birki ba ya amsawa. Motoci da yawa a haka suka wuntsila tsakanin Maraɗi da Tasawa, da kan hanyar Dakwaro.

Na uku laka ta fadama, wadda in ta sha ruwa takan zama kamar sabulu, in ta bushe kuma ta bar ramukan da ke karya ƙafar jaki. Na huɗu, wanda ya fi duka kisa, korama mai gudu. Sai sama ta yi garau a inda kake, alhali an yi ruwa can gabas, kafin ka ankara ruwa ya taho ja wur da itace a kai. Ka'idar tsofaffi ita ce ba a shiga ruwan da ba a taka da ƙafa ba. A tura yaro da sanda ya auna zurfi, ya ji ko ƙasan ta zare. In ruwan yana ture mutum a gwiwa, a kashe mota a jira, don korama ba ta kwana biyu tana fushi. Zamanin dā har shingen ruwa ake yi: in an yi ruwa mai yawa sai ma'aikacin T.P. ya gitta ƙarfe, babbar mota ba ta wucewa sai hanya ta sha iska. Direbobi suna zaginsa, amma shi ne ke sa burji ya kai baɗi. Yau wa ke tsare mana? Tirela ɗaya mai lodin taki in ta bi hanyarmu da sassafe bayan ruwan dare, ta gama da aikin shekara.

Wani abin mamaki da rairayin nan ya haifar, bari mu faɗe shi a gurguje. Cikin 1983 wani Bature ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, wanda ke aikin dashen itatuwa a nan Maraɗi, ya tsaya a daji yana rage iskar taya don ya ratsa yashi, sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan tsiro, ya duba ya ga ashe toho ne daga kututturen itacen da aka sare. Daga nan aka soma koya wa manoma sassaben zamani, a bar toho a gyara shi maimakon a ƙone. Gawo da kalgo da sabara da muke gani sun dawo gonakinmu, wani ɓangare na labarinsu daga nan ya faro.

Kwalta ta zo kashi-kashi. Babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram, wadda ta ratsa Gidan Rumji da Tibiri, an yi ta ne gaɓa-gaɓa daga shekarun 1960 zuwa na 1970, galibi da kuɗin taimako na ƙasashen Turai. Yunwar 1973 da 1974 ta tona asirin sauran: hatsin agaji ya iso manyan garuruwa, amma kai shi ƙauye ya zama aiki, mutane suka bar gidajensu suka taho bakin hanya. Da gyaɗa ta faɗi, ƙarfen uraniyum ya tashi, sai ga kwalta ta miƙe daga Tawa har Arlit wajen 1980, cikin hamadar da ba a noma ko zangarniya ɗaya. A 1984 gwamnatin Buhari ta rufe iyaka, ga fari, har aka sa wa yunwar shekarar sunan El-Buhari. Ba a buɗe ba sai 1986. Cikin wannan tsakani turbobin daji suka farfaɗo, masu Peugeot suna bi da dare ba fitila don kauce wa duwan. An sāke ganin haka da aka rufe daga 2019 zuwa ƙarshen 2020, da kuma bayan juyin mulkin Yuli 2023 har zuwa Maris 2024. Sai dai tun wajen 2019 dajin kan iyaka ta wajen Madarumfa da Gidan Rumji ya sami wasu baƙi, ƴan bindiga masu satar mutane da shanu, har tafiyar dare ta koma irin ta zamanin Barth.

Duk wanda ya bi labarin nan zai ga abu guda: tun daga Tilho har zuwa uraniyum, hanya tana bin kayan da mai mulki yake son fitarwa ne. An yi wa birnin Maraɗi kwalliya da sababbin tituna don bikin 18 ga Disamba na 2015, mun gode. An aza harsashin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi cikin Fabrairu na 2021, muna murna. Amma ba ɗaya daga cikinsu da zai ɗauko buhun gero daga rumbun garinmu. Masu cewa hanya hakkin gwamnati ce gaskiya suka faɗa, kuma takardar da muka rubuta wa hukuma ba za mu janye ta ba. Sai dai a ganinmu, wanda ya ce zai jira, ya san layin da ya shiga.

Dubi Jiratawa. Tun da aka yi mata gandun noman rani a farkon shekarun 1980, mai fiye da hekta 500, ga shi kuma tana kusa da kwaltar Ɗan Isa, zogale da tumatir da aka tsinka da asuba suna kasuwar Maraɗi kafin hantsi. Mu kuwa ƙasarmu ba ta fi tasu rauni ba, amma ran Litinin da ran Juma'a in korama ta kawo, kayan gwari a amalanke suke ruɓewa, ɗan kabu-kabu ya ninka kuɗi, mai sayen wake ya zo ya taya yadda ya ga dama don ya san ba mu da mafita. Wannan asarar dukiya ce, ana iya haƙuri. Wadda ba a iya haƙuri da ita ita ce ta mata. Tun 2005 gwamnati ta yi dokar a yi wa mai naƙuda aiki kyauta, a 2006 ta ƙara da maganin yara ƴan ƙasa da shekara biyar. Amma likita yana birni, mai naƙuda tana hayin korama bisa amalanke, cikin watan Agusta, da dare. Babu gidan da ke karanta wannan takarda da bai san wadda aka juyo da ita daga bakin ruwan nan ba. Allah ya jiƙansu.

Ga iyayenmu da ke ƙyamar aikin hanya, ranku ya daɗe, muna roƙo a bambanta. Na kumandan, shi ya zaɓi hanyar, shi ya zaɓi ranar, kayansa ne kuma suka bi ta kai. Gayya kuwa tun kafin Nasara muke da ita, kuma ko a zamanin Kunce samariya ta gina azuzuwan lakkwal da hannunta, ba wanda ya kira wannan bauta. Ga matasa masu cewa a tara kuɗi a zuba burji tun daga gari har kwalta, mu kam ba mu goyi bayan haka ba. Asusummu ba zai kai ko rubu'i ba, kuma burjin da ba shi da magudana damina biyu yake yi. Abin da ke kashe hanya ruwan da ya kwanta a kanta ne, ko wanda ya mai da ita korama. Hanyarmu ta yi zurfi ta koma kwari saboda ƙafafun amalanke sun sare ta shekara da shekaru, masu gonakin gefe kuma sun ci lambatu da garma, kwalbati ɗaya da ke akwai leda da yashi sun toshe ta.

Shawarar da za mu kawo gaban taro ita ce a taƙaita a kan wuri uku. A yashe kwalbatin nan a buɗe lambatu dama da hagu, wannan ba ya cin ko dala sai ƙarfi. A ɗaga doron hanya a wajen fadama da marmara, yadda ruwa zai zube gefe. Sa'an nan kuɗin asusu a sa su a mashigin korama kaɗai, a yi daɓen dutse da siminti wanda ruwa zai bi ta kansa ya wuce, a kafa turaku masu fenti a gefe don direba ya ga zurfin ruwa da iyakar daɓen. Gada ta fi ƙarfimmu, kuma gadar da aka yi da araha ruwan farko ke tafiya da ita. Kafin a sa hannu sai an nemi ma'aikacin da ya san aikin ya zo ya auna, an kuma sami yardar mai gari da masu gonakin da lambatu zai taɓa.

Aikin siminti yana son a gama shi kafin ƙarshen watan Mayu. Masu amalanke da ke gida su ba da sunayensu wajen sarkin samari. Ƴan'uwa na Zariya da ke da tifa ko suka san mai ita, su sanar da ma'aji kafin ranar taro, na nesa kuma su aiko da ra'ayinsu a rubuce, za a karanta a gaban kowa.